Filin Mai Gyaran Waya: Shin Tsofaffin Wayoyi Za Su Samu Hanya Mai Sauƙi Ta Sauya Manhaja?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato maganar cire babbar manhajar da waya ta zo da ita daga kamfani a ɗora mata wata, abin da mu a bakin Taminus muke cewa sa wa waya rom. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa. Masu tambayar fashewar gilashi da wayar da ta faɗa ruwa, ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, ina zaune a Unguwar Rogo. Wani abokin karatuna yana da Pixel 7. A gabana ya jona ta da laftof, ya buɗe Chrome, ya yi ta danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya, kafin mu gama shan shayi wayar ta tashi da wata manhaja mai suna GrapheneOS. Ni kuwa Galaxy S9 ce a hannuna, ta hannu na saya, kuma tun daga Android 10 ba ta sake samun komai ba. Lafiyarta ƙalau, kyamararta ma ta fi ta wasu sababbin. Akwai ranar da irin wannan hanya mai sauƙi za ta iso ga tsofaffin wayoyi irin tawa, ko in haƙura? An ce da tsohuwar zuma ake magani.

Amsa: Ƙanena, kada ka zauna jira. Tsofaffin wayoyi ƙalilan sun riga sun samu, mafi yawa ba za su taɓa samu ba, kuma ba shekaru ne ke raba su ba. Abin da ke raba su shi ne yadda kamfani ya ƙera wayar tun ranar farko.

Abin da ka gani a hannun abokinka ba siddabaru ba ne. A cikin Chrome da 'yan'uwansa irin su Edge da Brave akwai wata fasaha mai suna WebUSB, wadda ke ba shafin intanet damar magana kai-tsaye da na'urar da ka jona da kebul. Umarnin fastboot, wato hanyar da kwamfuta ke bi ta ɗora wa waya manhaja, da mu muke zama mu rubuta da hannu a baƙin allo, su ne mutanen GrapheneOS suka jera a bayan waɗancan maɓallai. Haɗa maɓallan ba shi ne wahala ba. Wahalar tana cikin wayar da za ta karɓi umarnin.

Duk wayar Android, kafin babbar manhaja ta tashi, akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da ke riga ta farkawa, ita ce butloda. Aikinta aikin maigadi ne. Tana duba sa hannun da ke kan manhajar da za ta shigo, in ba na kamfani ba ne ta hana ta wucewa. Kai ka biya kuɗin gidan, amma maigadin umarnin kamfani yake bi. Google ta gaya wa na Pixel cewa in mai gida ya ce a buɗe, a buɗe masa. Ta kuma ƙara da abin da kamfanoni kaɗan ne suka yi: bayan ka sa wata manhajar, kana iya sake kullewa da sa hannun sabuwar, wayar ta koma da tsaronta kamar da. Wannan na cikin manyan dalilan da suka sa GrapheneOS ta tsaya a kan Pixel. Sannan ka lura da wani abu. Ko a cikin Pixel ɗin, da zarar Google ta daina tura wa waya gyaran tsaro, mutanen GrapheneOS ma ba sa daɗewa suke sakinta. Pixel 3 da Pixel 4 ai Pixel ne, amma ba sa cikin jerin da suke tallafawa yanzu. Waɗanda suka fi kowa sauƙaƙa aikin su ne suka fi kowa gudun tsohuwar waya, kuma da gangan ne, don su tsaro suke sayarwa ba tsawon rai ba.

Yanzu dubi sauran kamfanoni. Samsung ba ta bin hanyar fastboot, tana da tata daban, wadda muke shiga da manhajar kwamfuta mai suna Odin, ko Heimdall ga masu Linux. Xiaomi sai ka buɗe asusu, ka ɗaure shi da wayar, ka jira awa 168, mako guda cur, kuma tun da suka koma sabuwar manhajarsu HyperOS sharuɗɗan sun ƙara tsauri. Motorola lamba take turo maka ta imel. Huawei ta daina ba da lambar buɗewa tun 2018. LG ta bar sana'ar waya a 2021, shafin da ake karɓar izinin buɗewa ya bi ta. Asus ta janye manhajarta ta buɗewa a 2023. Samsung kanta, da manhajarta One UI 8 ta fito a 2025, aka nemi wurin kunna buɗewar aka rasa. Ka ga inda aka dosa. Kamfanin da ke rufe sabuwar wayarsa ba zai koma ya sauƙaƙa buɗe wadda ya sayar tun 2018 ba, don babu ko kwabo da zai samu a ciki. Burinsa ka sayi sabuwa.

Su kuwa masu haɗa rom, irin su LineageOS wadda ta gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016, yawancinsu 'yan sa-kai ne. Kowace waya da ka gani a jerinsu, akwai wani mutum ɗaya ko biyu a wata ƙasa da ke riƙe da irinta, yana aiki a kanta da dare bayan ya taso daga wurin neman abincinsa. Ranar da tasa ta faɗi ta fashe, ko ya yi aure, ko ya gaji, wayar ta fita daga jeri. Wa zai ce wa irin wannan bawan Allah ya zauna ya haɗa maɓallin dannawa ɗaya, ya gwada shi a kan kowane samfuri, sannan ya sha zagi ranar da wayar wani ta mutu a hannun maɓallin?

Buɗe butloda ma ba shi ne ƙarshen aiki ba. Kyamara, modem mai kama sabis, da abin da ke zana hoto a allo, duk suna tafiya ne da direbobi, wato ƙananan manhajojin da kamfanin furosesa, ƙwaƙwalwar waya, ya rubuta, Qualcomm ne ko MediaTek ko Exynos na Samsung, kuma a rufe suke, ba wanda ke iya gyara su sai mai su. Bayan 'yan shekaru mai su ya daina taɓa su, alhali sabon Android yana neman sabon kanel, wato tushen Linux da komai ke zaune a kai. Haka ta faru a 2022 da LineageOS 19 ta fito a kan Android 12: sabon Android ɗin ya dogara da wata fasaha mai suna eBPF wajen kula da zirga-zirgar data, wayoyi masu kanel 3.18 da na ƙasa da shi ba su da ita yadda ake buƙata, sai aka sauke da yawa daga jeri a lokaci guda. Google ta yi ƙoƙarin rage wannan matsala da tsarin Treble a 2017, wanda ya raba Android da direbobin kamfani, amma duk irin waɗannan sauƙaƙawa gaba suke fuskanta. Wayar da aka ƙera bayan zuwansu ita ke cin moriyarsu.

To, taka fa? Shiga Settings, ka gangara About phone, ka karanta lambar samfuri. In SM-G960F ce, mai Exynos, ka yi sa'a, tana buɗuwa, kuma tana cikin tsofaffin wayoyin nan ƙalilan da aka taɓa yi wa hanya mai sauƙi. Mutanen /e/OS na Faransa sun haɗa wata manhajar kwamfuta, Easy Installer, mai jan hannunka mataki-mataki, kuma S9 na cikin waɗanda ta ɗauka. A shafin LineageOS kuma sunanta na aiki starlte, da shi za ka bincika ka ga ko har yanzu akwai mai kula da ita. In kuwa SM-G960U ce, ta Amurka, rufe maganar. Butlodarta a kulle take, kuma da yawa cikin Samsung na hannu da ke yawo a titin Ahmadu Bello irinta ne.

Ko da F ɗin ce, ga abin da za ka biya. Buɗewa tana goge komai. Ɗora manhajar da ba ta Samsung ba tana ƙona alamar Knox, tsarin tsaron Samsung da ke cikin wayar, ba ta dawowa har abada, Secure Folder da Samsung Pay sun tafi ke nan. Kiran murya ta 4G ba ya aiki a rom ɗin waje a kan Samsung, sai wayar ta riƙa saukowa 3G ko 2G in za ka yi kira. Sai babbar maganar a wurinka: kyawun hoton S9 ba daga idon kyamarar kaɗai yake ba, babban kasonsa aikin manhajar Samsung ne, kuma ita za ka cire. Na sha ganin mutum ya dawo yana cewa in mayar masa da ta asali saboda hoton dare ya zama dishi-dishi. Tunda kyamarar ce ta sa kake son wayar, da ni ne kai, zan bar ta a Android 10, in sauya mata batir, in ci gaba da amfani da ita. In kuma koyo kake so, wannan dalili ne mai kyau, amma ba a kan wayar da lambobin gida da takardun makaranta ke ciki ba.

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa da leshi a Rikkos, duk cinikina ta WhatsApp ne. Tecno Spark ɗina ta yi nauyi, sai in danna ta yi shiru, ga tallace-tallace na faɗo mini. Yarona ya ce ya ga yadda ake sa mata sabuwar manhaja a YouTube, za ta koma kamar sabuwa. In ba shi?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Kada ki ba shi. Ba raina yaron na yi ba, wataƙila ma ya fi ni iya Turancin YouTube. Wayar ce ba ta cikin waɗanda aka share wa hanya.

Tecno da Infinix da itel duk 'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma su ne suka cika aljihunmu a nan. Amma da wuya ki ga ɗaya daga cikinsu a jerin wayoyin da LineageOS ke kula da su. Dalilan a fili suke. Samfurori suna fitowa da yawa kowace shekara, sunayensu na kama da juna, cikinsu kuma daban-daban. Furosesarsu yawanci MediaTek ce ko Unisoc, alhali masu haɗa rom sun fi sabawa da Qualcomm, wadda ta daɗe tana sakin wani ɓangare na aikinta a fili. Kafin a haɗa wa waya rom nata na kanta ana buƙatar rubutun kanel ɗinta, kuma samun na waɗannan wayoyi ba ƙaramin aiki ba ne. Ga shi masu aikin sa-kan yawancinsu a Turai da Indiya da Amurka suke, wayar da ke hannunsu suke yi wa aiki. Ranar da yaranmu na Jos da Kano suka zauna suka ɗauki wannan aiki a kan Tecno, lissafin zai iya sauyawa, kuma wannan ne kaɗai wurin da nake ganin fata. Babu wani kamfani da zai yi mana.

Abin da yaron ya gani, kusan na tabbata GSI ne. Fayil ne na Android guda ɗaya, wanda aka yi don ya tashi a kan kowace waya mai tsarin Treble. Yana tashi a kan wasu Tecno, gaskiya ne. Sai dai tunda ba don wayarki aka ɗinka shi ba, a wata wayar na'urar karanta yatsa ta daina aiki, a wata kyamarar baya ta ƙi buɗewa, a wata hasken allo ya ƙi raguwa, a wata kira ya shigo ba a jin murya. Mai bidiyon yana nuna miki minti biyar na farko ne, ba ya dawowa bayan mako guda ya faɗi abin da ya lalace.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Don buɗe wasu wayoyin MediaTek yara suna amfani da mtkclient, manhajar da ke shiga ta wata ɓaraka a cikin furosesar, kin san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manhajar tana da ƙarfi, kuma danna wuri ɗaya bisa kuskure yana goge sashen da lambar IMEI take. Waya ta tashi lafiya, amma ta ƙi ganin layi. In ba a adana kwafin wannan sashe tun farko ba, an shiga uku, don rubuta wa waya IMEI ɗin da ba nata ba abu ne da ba na yi, ba na kuma ba kowa shawarar yi.

Nauyin wayarki, Hajiya, ina kyautata zaton hotunan atamfa ne da bidiyon zaurukan WhatsApp suka cika mata ciki. Ki sa yaron ya kwashe su zuwa kwamfuta ko katin memori, ya kashe saukar da hotuna da bidiyo da WhatsApp ke yi da kansa, ya cire manhajojin da ke cewa suna share waya ko ƙara mata gudu, don galibi su ne masu kawo tallan. Manhajojin kamfani da ba kya amfani da su ana iya kashe su ta Settings, masu taurin kai kuma ana cire su da kebul ta hanyar ADB, wato aika wa waya umarni daga kwamfuta, ba tare da an buɗe butloda ba. Wannan aikin ya dace da shi, zai koyi abu, kuma in ya yi kuskure mayar da waya yadda ta fito daga kamfani yana gyarawa. In bayan ta kumbura ko caji ba ya kai azahar, a sauya batir.

Tambaya: Oga, ina sana'ar POS a Bukuru. Na sa LineageOS a Redmi ɗina, komai lafiya, gudu kamar me. Amma manhajar bankina ta ƙi buɗewa, tana cewa wayar ba ta da aminci. Mene ne mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, garin neman gira ka taɓa ido. Google tana da wani tsarin tantancewa, Play Integrity, wanda ya maye gurbin SafetyNet. Manhajar banki tana tambayarsa ko wannan waya tana kan manhajar kamfani da butloda a kulle, in ya ce a'a, bankin ne ke yanke hukuncin ya bari ko ya hana. Shi ya sa wani bankin ke buɗewa wani ya ƙi, kuma wanda ya buɗe yau yana iya ƙi bayan sabuntawa ta gaba.

Na san za a ce maka ka yi rutin, wato ka karɓi cikakken iko a kan wayar, da manhajar Magisk, ka ɗora abubuwan ɓoye shaida. Suna aiki na ɗan lokaci, Google ta toshe, a sake fito da wata dabara, a sake toshewa. Wanda ke wasa da waya yana iya wannan tsere. Kai da mutane ke tsaye a gaban rumfarka suna jiran alat ba za ka iya ba, kuma ba na son ganin wayar kuɗin jama'a ɗauke da fayilolin da aka tsinto a zauren Telegram, ba ka san wanda ya haɗa su ba. Ka sani kuma cewa rom yana sabunta ɓangaren Android ne kawai. Manhajar modem da direbobin kamfani suna nan yadda aka bar su, don haka kwanan watan tsaro da kake gani a Settings ba ya ba da cikakken labari.

Mafita biyu ce. Ko ka ware wata waya da ba a taɓa ba don banki, ka bar Redmi don sauran hidima, ko ka mayar mata da manhajar Xiaomi ka sake kullewa. Kafin nan lambobin USSD suna aiki a kan kowace waya, ba ruwansu da rom. In za ka mayar da ta asali, ka tabbatar ba wadda ta girmi wadda ke kai a da ba ce, don wasu Redmi suna da kariyar hana komawa baya, in ka ɗora tsohuwa waya ta mutu murus. Kuma kada ka kuskura ka kulle butloda alhali LineageOS na kai. A nan ne mafi yawan gawarwakin wayoyin da ake kawo mini suke fitowa.

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne a Farin Gada. Na ji a rediyo cewa Turai ta tilasta wa kamfanoni su riƙa sabunta waya shekaru da yawa. Wannan ba zai ceci tsofaffin wayoyinmu ba?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara ilimi. Dokar gaskiya ce. Daga 20 ga Yuni 2025, wayar da za a shigar kasuwar Tarayyar Turai dole a ci gaba da sabunta manhajarta aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin, kayan gyaranta kuma su samu har shekara 7. Amma sababbin wayoyi ta shafa, ba ta waiwayi na baya ba, ba ta kuma ce a buɗe wa kowa butloda ba. Wayar da aka ƙera don kasuwarmu kaɗai ma ba ta ƙarƙashinta. Ribarmu za ta zo a makare, ranar da waɗancan wayoyi suka fara sauka nan a matsayin na hannu da sauran shekarun sabuntawa a jikinsu.

Tambaya: Ana iya sa Android a tsohuwar iPhone 7? Daga wata 'yar'uwa a Gangare.

Amsa: An taɓa yi a 2020, wasu masana suka tayar da Android a kan iPhone 7 a wani aiki mai suna Project Sandcastle. Ba kyamara, ba sauti, ba kira. Nuna bajinta ne, ba abin amfanin yau da kullum ba. Apple ba ta buɗe butloda ga kowa. Ki ci gaba da iOS 15 ɗin da ta tsaya a kai har manhajojin da kike buƙata su daina karɓarta.

Tambaya: Na karɓi waya bashi, ana biya duk mako, in na makara sai su kulle ta. An ce in aka sa mata rom kullewar za ta fita. Nawa za ka yi mini?

Amsa: Ba ka sa suna ba, ka kyauta wa kanka. Ba na yi. Waya ba ta zama taka ba sai ka gama biya, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne ka je ka nemi a ɗaga maka ƙafa. Haka nan masu kawo waya da asusun Google na wani a kai suna cewa na ƙanensu ne ya manta. Ka zo da ƙanen, ko ka zo da rasit.

Tambaya: Oga, ina koyon gyara a Dilimi, kuma ina so in sayi waya ta hannu wadda zan riƙa sauya wa manhaja ba tare da ciwon kai ba. Wacce zan nema, kuma me zan duba kafin in biya?

Amsa: Yawwa, ƙanena, kai ne ka yi tambayar a lokacinta, tun kuɗin na aljihunka.

In sauƙi kake nema, Pixel. Google ta yi wa Pixel 8 na 2023 alkawarin sabuntawa na shekara 7, har 2030, Pixel 6 da Pixel 7 kuma shekara 5 daga fitowarsu a 2021 da 2022. Kai ka yi lissafin abin da ya rage wa kowacce ka gwada da farashinta. Sai dai tarkon yana nan: Pixel ɗin da kamfanin sadarwa na Verizon ya sayar a Amurka ba ta buɗuwa, kuma a ido ba ta da bambanci da sauran. Mai shago ma sau da yawa bai sani ba, ba yaudararka yake yi ba. Don haka a tsaye a gabansa za ka gwada. Jona wayar da intanet, ka shiga About phone, ka danna Build number sau 7 har ta ce ka zama mai haɓaka manhaja, sannan ka shiga Developer options ka nemi OEM unlocking. In ya kunnu, madalla. In ya yi fari-fari ya ƙi taɓuwa bayan wayar ta hau intanet, ajiye masa kayansa, komai arharta.

In kuɗinka bai kai Pixel ba, kuma koyo ne burinka, nemi tsofaffin da masu rom suka daɗe suna so. Poco F1 da OnePlus 6, duk na 2018 masu Snapdragon 845, sun sha aiki a hannun 'yan sa-kai, har postmarketOS, wadda Linux ce sak ba Android ba, tana tafiya a kansu fiye da yawancin wayoyi. Ubuntu Touch ma, wadda ƙungiyar UBports ta ci gaba da riƙewa bayan Canonical ta sake ta a 2017, tana da manhajar kwamfuta mai ɗora ta da 'yan dannawa a kan wayoyin da ke jerinta. Sai dai waɗannan biyun ba za su ba ka WhatsApp da banki yadda ka saba ba, na gwaji ne a teburin aiki.

Kada suna ya ruɗe ka. Redmi Note 8 Snapdragon ce, Redmi Note 8 Pro MediaTek ce, akwai kuma Redmi Note 8 ta 2021 wadda ita ma MediaTek ce. Rom ɗin ɗaya ba ya hawa ɗayar, in ka tilasta ta maƙale a tambari ko ta ƙi kawo haske gaba ɗaya. Da lambar samfuri da sunan aiki ake bincike, ka buɗe shafin LineageOS a wayarka tun kana shagon ka tabbatar.

Ranar aiki kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Sauke manhajar kamfani ta asali ka ajiye kafin ka taɓa komai, don ita ce hanyar dawowa. Cire asusun Google da makullin allo. In MediaTek ce, ɗauki kwafin sashen IMEI ka ajiye a wuri biyu. Batir ya wuce rabi, laftof ma a cike, kada ka dogara da wutar soket, don ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana kashe waya. Sai kebul: yi amfani da na asali mai ɗaukar data, ka soka shi a jikin laftof kai-tsaye. Kebul ɗin da ake rataye da shi a bakin titi da yawansu caji kaɗai suke yi, kwamfuta ba za ta ga wayar ba, ka kwana kana zargin direba. Umarnin kuma ka bi na shafin masu rom ɗin, na samfurinka, daga layin farko zuwa na ƙarshe, ko da ogan shagonku ya ce ya san wata gajeriyar hanya.